A Bakin Dutse Za Ka Niƙa Ko a Kano? Lissafi Ga Mai Son Shiga Harkar Garin Kalsiyam

Fentin da ke jikin bangon ɗakinka, da fayif ɗin roba da ya kawo ruwa gidanka, da silifas ɗin banɗaki, da ɓawon ƙwan da mai shayi ya fasa maka da safe, duk akwai farin dutse a cikinsu. Kalsiyam 'yan kasuwa ke ce wa garinsa. Masana'antun Sharaɗa, Challawa, Bompai da Tokarawa a Kano, da na Kakuri da Kudenda a Kaduna, da masu haɗa abincin kaji na Jos da Zariya, kullum cikin sauke shi suke. Sai dai dutsen da ya fi fari ba a kusa da su yake ba. Yana can Okpella da Igarra da Ikpeshi a arewacin jihar Edo, da Jakura da Itobe a Kogi, da yankin Toto a Nasarawa. Motar da ta yi lodi a Okpella za ta biyo Okene da Lakwaja, ta wuce Abuja da Kaduna da Zariya, kafin ta shigo Kano ta cinye fiye da kilomita 700.

Wanda ya tara ɗan jari yana son shiga wannan harka, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya kafa inji can inda ake fasa dutsen ya riƙa turo gari a buhu, ko ya kafa a nan kusa da masu saye, a riƙa kawo masa ɗanyen dutse yana niƙawa. Duk wadda ya ɗauka, komawa baya na da tsada, don injin da aka zuba wa kankare aka ɗaure, aka ja masa wuta, ba ya tashi sai da asara.

Mutane da yawa da kallon kamfanonin siminti suke yanke shawara. Dangote na Obajana, BUA na Kalambaina da Okpella, ga Ashaka a Gombe, ga Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, kowannensu a kan dutse yake zaune. Sai mutum ya ce ai manya sun san abin da suke yi, bakin dutse shi ne wurin zama. Amma su ƙona dutsen suke yi, kai kuwa niƙawa za ka yi, lissafin ba ɗaya ba ne. Idan aka gasa wannan dutse ya kai zafin digiri 900 ko kusa da haka, iskar da ke ɗaure a cikinsa ficewa take yi, kilo 100 ya dawo kilo 56. Mai ƙonawa da ya kwaso ɗanyen dutse ya kai nesa, ya biya kuɗin motar kilo 44 da za su bi iska ke nan. Don haka mai yin farar ƙasar da majema ke jiƙa fata da ita don cire gashi, ko wadda ake gyara ruwan famfo da ita, ba shi da wani zaɓi, a gindin dutse zai gina murhunsa. Niƙa kuwa ba ta cin nauyi. Tan 30 ya shiga inji, kusan tan 30 zai fito. Dutse ka ɗauko ko gari, nauyin da za ka biya wa mota ɗaya ne, saboda haka kuɗin mota shi kaɗai ba zai raba gardamar ba.

Na ce kusan, kuma a cikin wannan kusan ɗin ne mai niƙa a Kano yake fara yin asara. Ɗanyen dutse ba ya zuwa tas. Yakan zo da jar ƙasa manne a jikinsa, da jijiyoyi baƙaƙe ko ruwan toka, da gutsattsarin dutsen ƙanƙara, in damina ce kuma ga ruwa ya sha. A ce kashi ɗaya cikin goma na lodin bai da amfani, to ka biya kuɗin jigilar tan 3 na shara daga Edo har Kano, sannan ka sake biyan waɗanda za su tsince ta da wanda zai kwashe. Mai inji a bakin dutse yana tsaye a ƙofa tifa za ta shigo, ya leƙa ya ga lodin ya yi ja, ya ce a juya da ita. Kai da ke Kano, motar da ta kwana uku a hanya ba ta komawa. Sai dai ka yi ta faɗa a waya, a ba ka haƙuri, a ce na gaba zai fi kyau.

Dutsen ƙanƙarar nan ya fi jar ƙasa ɓarna, don ita ana ganinta, shi kuwa fari ne, yakan saje. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, dutsen kalsiyam na hawa na 3, ƙanƙara na hawa na 7. Wuƙar aljihu tana karce na farko cikin sauƙi ta bar farin layi, a kan na biyu kuwa zamewa take yi, har ta bar masa tabon ƙarfe. Abin da ya fi wuƙa tauri ya fi haƙoran inji tauri. Kullum yana cin ƙarfen, ƙarfen da ya ci yana zuba cikin garin, farin yana dushewa a hankali ba ka ankara ba. Tsofaffin hannu a harkar sukan ɗibi ɗan gari su sa tsakanin haƙoran gaba su murza. Mai kyau laushi yake yi ya ɓace, mai ƙanƙara kuwa za ka ji garas-garas. Wannan gwajin gaggawa ne kawai. Kafin ka ƙulla ciniki da wani rami, ka kai samfur ɗakin gwaje-gwajen hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa da ke Kaduna, ko sashen ilimin ƙasa na wata jami'a, a rubuta maka yawan kalsiyam da maganiziyam da yashi da ƙarfen da ke ciki.

Sai batun irin motar. Gari a buhu kowace tirela na ɗauka, buhu 600 masu kilo 50, tan 30 cif. Motocin da suka sauke shanu da albasa da hatsi a kudu ba sa son dawowa wayam, in kana da ɗan kamasho nagari za ka samu direban da zai ɗauko maka a farashin dawowa, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗanyen dutse kuwa direbobi ba sa ƙaunarsa. Yana lotsa bodi, yana fasa katako, lodinsa sai da katafila ko majiya ƙarfi, saukewa ma aiki ne in ba tifa ba ce. Tifa kuma ba ta da abin da za ta ɗauka zuwa can, wayam za ta tafi, kai za ka biya zuwa da dawowa. A nan mai niƙa a bakin dutse ya sha gaba.

Amma arhar motar dawowa da ƙaiƙayinta take zuwa. Buhun da ake ɗura garin saƙaƙƙen leda ne, yana numfashi. Motar da ta sauke shanu shekaranjiya, ko wadda ta ɗauki gawayin kwal, in ba a wanke ta an shimfiɗa leda ba, layin buhunan ƙasa duk ya tashi daga aiki. Ka ce wa direba, "Direba, an wanke bodin nan kuwa?" Zai ce, "Haba Alhaji, ai tas take, ni da kaina na sa yara suka wanke." Kada ka tsaya a nan. Yaronka ya hau ya duba da idonsa, ya duba tamfol ɗin ko yana da huji, ya ɗauki hoto ya turo maka kafin buhu ɗaya ya hau.

Damina ce ke juya lissafin zuwa ɓangaren Kano. Ruwa ba ya yi wa dutse komai a hanya, gari kuwa da ya sha danshi sai ya dunƙule. Mai fenti zai iya haƙuri da ɗan danshi tunda cikin ruwa zai zuba. Mai fayif ba zai yi ba, don danshin kan zama tururi a cikin narkakkiyar roba, fayif ya fito da ƙuraje da ƙananan ramuka, a dawo maka da kayanka. Ga kuma hanyar kanta. A watan Oktoban 2022 ambaliya ta shanye titin Lakwaja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya, har man fetur ya yanke a Abuja. Haka aka yi a 2012. Duk mai garin da ke cikin wannan layi a ƙarƙashin tamfol mai yoyo ya san abin da ya gani. Wanda ya tara tulin dutse a filinsa a Kano tun da rani kuwa, niƙansa kawai yake yi, shi ne ma ke sa farashi a lokacin. Dutse ba ya buƙatar sito, ba ya lalacewa, ɓarawo ma ba ya sha'awarsa. Sannan jiƙaƙƙen dutse yana toshe inji da rariya, kuma damina a arewacin Edo ta fi ta Kano tsawo da watanni. Busasshiyar iskar Kano kyauta take busar maka da dutse, in dai ka kare garin daga jar ƙurar hunturu.

Jirgin ƙasa da ya kamata a ce shi ke ɗaukar irin wannan kaya mai nauyi da arha, kada ka sa shi a lissafi. Layin Itakpe zuwa Warri ya ratsa yankin dutsen, amma kudu ya nufa, bai haɗu da na Abuja zuwa Kaduna ba.

Wuta ita ce babbar magana, kuma ba wanda ta bari. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, masu alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Janareto kuwa, litar man gas ɗaya yunit 3 zuwa 4 take bayarwa, kuma a ƙarshen 2023 litar ta haura naira 1,000. Ka raba ka gani, tun kafin ka sa kuɗin bakin mai da gyara, wutar janareto ta fi ta layi tsada. Ƙauyukan da ake fasa dutse da yawansu ba su kan layi mai ƙarfi, sai mutum ya sayi taransifoma ya ja waya da kuɗinsa, ko ya zauna kan janareto dindindin. Unguwannin masana'antu na Kano da Kaduna sun fi samun layi, amma ba abin da za ka rantse a kai ba ne: a Oktoban 2024 yawancin arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, zai iya sauya wannan lissafi, amma ba a cin bashin inji a kan alkawarin gwamnati.

Duk abin da na lissafo zuwa nan, wani na jan ka kudu wani na jan ka arewa. Abin da ke yanke hukunci a ganina shi ne wa za ka sayar wa, domin garin kalsiyam ba kaya ɗaya ba ne. Da lambar rariya ake cinikinsa, wadda ake kira mesh, wato yawan ramukan da ke cikin inci ɗaya na rariyar. Mesh 200 ƙwayarsa maikuron 74 ce (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kusan kaurin gashin kai. Mesh 325 maikuron 44. Masu fenti mai kyau da masu fayif da wayar lantarki sukan nemi 800 ko 1,250, wani lokaci ma wanda aka shafe ƙwayoyinsa da wani sinadari mai maiƙo don ya gauraya da roba. Kuma wutar da niƙa ke ci ba daidai take hawa da laushin ba. Daga dutse zuwa tsaki abu ne mai sauƙi, daga tsaki zuwa gari da ɗan nauyi, daga 325 zuwa sama kuwa kowane ƙarin laushi da tsada ake sayensa, inji na ta juyawa abin da ke fita yana raguwa.

Mu fara da mai laushin. Wannan yana son dutse fari tas, wanda aka tsince da hannu, da babban inji mai tace gari da iska, da ma'aikacin da ya san saitinsa, da aiki dare da rana don kuɗin injin ya fito. Mai fenti farin yake saye. Hodar da ke ba fenti haske na gaske daga waje ake shigo da ita da dala, duk abin da kalsiyam ɗinka ya rage na fari, da ita zai cike, don haka ba ya yafewa. Zai zuba garinka da na wani a kan farin tayil gefe da gefe, ya danne da gilashi, ya ɗiga ruwa. Jiƙawa ce ke tona asiri: wanda ya yi kama da fari a bushe sai ka ga ya koma ruwan toka ko ruwan ƙwai. Irin wannan kaya wurinsa bakin dutse, inda za ka zaɓi dutsen da kanka kullum, ka ƙi wanda ba ka so. Kuma can akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna yi, da injuna da ramukansu. Sabon shiga da zai kafa ƙaramin inji a Kano ya ce zai kara da su a mesh 800, da dutsen da wani ya zaɓa masa daga nesa, ina ganin ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa.

Abincin kaji kuwa wata duniya ce. Ɓawon ƙwai kusan dukkansa wannan dutsen ne, fiye da kashi 90 cikin 100, kuma kowane ƙwai na fita da kalsiyam wajen giram 2 daga jikin kaza. Shi ya sa abincin kajin ƙwai ke ɗauke da dutse kashi 8 zuwa 10 cikin 100. Abin da da yawa ba su lura da shi ba, kazar ba gari mai laushi ta fi so ba. Da dare take gina ɓawon, lokacin da ba ta cin komai. Gari mai laushi yakan wuce cikinta da wuri, tsaki mai girman milimita 2 zuwa 4 kuwa zama yake yi a ƙundu yana narkewa sannu a hankali har asuba. Mai gonar da ke kukan ƙwai na fashewa a kiret, sau da yawa ba ƙarancin dutse ne matsalarsa ba, laushinsa ne. Ga mai inji wannan labari ne mai daɗi: kayan da aka fi so shi ne wanda ya fi sauƙin yi. Injin fasa dutse, da injin guduma, da rariya mai girgiza hawa biyu ko uku, sun wadatar. Maƙeran Kano na iya haɗa rabin kayan, masu naɗin moto kuma ga su nan ko'ina. Wuta kaɗan yake ci, fari kuma ba ruwan kaza da shi.

Tunda fari ba sharaɗi ba ne, ba dole sai dutsen Edo ba. Dutsen yankin Sakkwato da na Gombe, wanda ake siminti da shi, launinsa ruwan toka ne ko ruwan ƙasa, mai fenti ba zai kalle shi ba, amma in gwaji ya nuna kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 36 zuwa 38 cikin 100 kuma yumɓu bai yi masa yawa ba, ya isa abincin kaji. Tsantsar dutsen ma kashi 40 ne iyakarsa. Sai dai ka tabbatar ramin da za a ɗebo maka ba cikin filin da kamfanin siminti ke riƙe da lasisinsa yake ba, ka kuma sa halin tsaron hanyar Gusau a lissafinka in daga Sakkwato ne.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Cikin fararen duwatsun Edo, musamman wajen Ikpeshi, akwai wanda ake kira dolomait. A ido ba ka raba su, wani ma ya fi kyan gani. Amma kalsiyam ɗinsa wajen kashi 22 ne kawai, ga maganiziyam kashi 13. Mai fenti da mai tayil na iya amfani da shi lafiya lau. Ka ba kajin ƙwai kuwa, kashinsu ya tsinke, ɓawo ya yi laushi, ƙwai ya ragu, kuma mai gonar zai gano daga inda abin ya fito. Ka daka ɗan dutsen ka matsa masa lemun tsami: na kalsiyam zai yi kumfa nan take, dolomait sai ya yi nawa, kumfar ma kaɗan. Wanda ke niƙa wa masu fenti da masu kaji da inji ɗaya, ranar da aka kawo masa lodin dolomait bai sani ba, ranar ya rasa rabin kasuwarsa.

Kafin ka yi murna da kasuwar kaji, yi wannan lissafin. Kaza ɗaya na cin abinci giram 110 zuwa 120 a rana, dutsen da ke ciki wajen giram 10. Kaji 10,000 ke nan kilo 100 a rana, tan 3 a wata. Tirela ɗaya ta dutse za ta ishi kaji 100,000 wata guda. In injinka zai fitar da tirela biyu a mako, ka ƙirga kajin da kake buƙata. Manyan masu haɗa abinci irin Grand Cereals a Jos da Olam da ya buɗe masana'antarsa a Chikun ta Kaduna a 2017 suna shan kaya da yawa, amma babban kamfani da takardar gwaji da tsayayyen sharaɗi yake saye. Ƙananan masu niƙa abinci da gidajen gona su ne kasuwar sabon shiga, su kuma buhu 20, buhu 50 suke ɗauka, yau suke so ba jibi ba. Wannan ciniki na wanda ke kusa ne. Mai inji a Okpella ba zai iya aiko da buhu 30 Gezawa ba. Akwai kuma masu haɗa takin zamani, waɗanda tun shirin taki na shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016 suke cika buhun NPK da ƙwayoyin wannan dutse na cikin gida. Kasuwa ce mai kyau, sai dai ta 'yan watanni ce kafin damina, kuma girman ƙwayar sai ya yi daidai da na takin, in ba haka ba ya taru a gindin buhu.

Wasu kan ce to me zai hana in mallaki ramin gaba ɗaya. A dokar ƙasa duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da gonar kakanka ce. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai da lasisi daga ofishin Kadasta na Abuja. Na fasa dutse shekara 5 ne ana sabuntawa, kuma filin ba ya wuce murabba'in kilomita 5. Kafin nan sai ka samu amincewar masu filin a rubuce, ka yi yarjejeniya da al'ummar wurin, nakiya kuma da nata izinin daban da ma'ajiyarta da jami'an tsaron da ke sa ido. A Yulin 2024 ma'aikatar ma'adinai ƙarƙashin Dele Alake ta ƙara kuɗaɗen lasisi da harajin da ake biya kan kowane tan. Ga katafila, ga injin huda dutse, ga ruwan da ke cika rami da damina sai an zuƙe. Wannan sana'a ce daban, ba reshen niƙa ba ce. Ko ɗanyen dutse kawai kake saye, ka nemi izinin sayen ma'adinai, ka kuma tabbatar mai ramin na da takardunsa kuma rasit na bin kowace mota, don a shingen hanya motarka za a tsare, ba tasa ba.

Sai abin da ba ya shiga takardar lissafi. Inji a bakin dutse yana nufin ko ka tare can, ko ka damƙa wa wani. Baƙo ne kai, da sarakunan wurin da ƙungiyar matasa da masu karɓar haraji kala-kala duk sai ka san yadda za ka zauna da su. Akwai Hausawa da yawa a wannan hanya, daga direbobi zuwa masu lodi da masu abinci, ba za ka rasa wanda zai nuna maka gari ba, amma man gas ɗin janareto da buhunan da ke fita da dare ba wanda zai ƙirga maka su kamar kai. A Kano kuma fili tsada, maƙwabta kusa. Ƙurar wannan aiki ba wasa ba ce, yini ɗaya ma'aikaci zai fito gira da gemu fari fat, kuma in da ƙanƙara a dutsen, ƙurarta na taruwa a huhu ba ta fita. Matattarar ƙura da takunkumi na gaske ba ado ba ne. In ka kafa a tsakiyar gidaje, ƙorafin unguwa da hukumar muhalli za su tashe ka kafin injin ya mayar da kuɗinsa.

To ga inda na tsaya. In kajin ƙwai da masu taki da masu garin shafe bango ka nufa, kafa a arewa, a bayan gari inda layin wuta ke da ƙarfi, da ƙananan injuna, ka tara dutse da rani, ka nemi mafi kusa da ya ci gwaji. In masu fenti mai kyau da roba ka nufa, kuma jarinka ya kai na babban inji da zaman wata da watanni kafin riba, tafi bakin dutse ka zauna da kanka. In jarin bai kai ba, kada ka sayi rabin inji. Ɗauki sito a Kano ko Kaduna, ka sayi gari daga masu niƙa na can, ko ka ba su aikin niƙa su ɗura a buhu mai sunanka. Shekara guda a haka za ta nuna maka lambar da ta fi tafiya, da wanda ke biya da wanda ke jan bashi. Masana'antu da yawa sai bayan wata ɗaya ko biyu suke biya, alhali mai rami da direba da mai man gas duk hannu da hannu ne, don haka kuɗin juyawa na tirela uku ko huɗu ya fi sabon inji muhimmanci a farkon tafiya.

In wannan hanya ta uku ka bi, a rubuta yarjejeniya, kada a tsaya kan "mai kyau za a ba ka". A sa lambar mesh, da mafi ƙarancin kalsiyam, da iyakar maganiziyam da danshi, da nauyin buhu, da wanda zai ɗauki asara in ruwa ya taɓa kaya a hanya. A ɗebi gari daga lodin farko a cika kwalba biyu, a liƙe, kowa ya sa hannu a jikin ta ɗan'uwansa. Duk motar da ta iso, a auna ta a sikelin manyan motoci, a zaro buhu daga sama da tsakiya da ƙasa a gwada da na kwalbar kafin 'yan dako su fara saukewa.